Daddawar da na yi a ƙarƙashin tebur a Japan

Curi goma sha biyu na daddawar kalwa na taho da su Japan. Kaka ce ta naɗe mini su da hannunta a tsohuwar jarida, ta sa a leda har uku. Kilishi kam tun a gida aka ce mu haƙura, don dokar ƙasar ba ta yarda matafiyi ya shigo da nama ko busasshe ne, kuma a filin jirgin Narita akwai karnukan da aikinsu ke nan, shinshinar jaka. Farkon Afrilu muka sauka, ni da 'yata mai shekara huɗu, muka iske maigidan da ya riga mu da wata shida yana karatun aikin gona a Tsukuba, cikin lardin Ibaraki. Ina ta ɓantarar daddawar nan kaɗan-kaɗan kamar goro a shekarar tsada, amma kafin Mayu ya fita sai jaridar kawai ta rage.

Kuka ina da ita, busasshiyar kuɓewa ma akwai saura. Shinkafar Japan kuwa kamar don tuwo aka halicce ta, gajeriya ce mai danƙo, ba ta wahalar da muciya. Kajin halal daskararru na Burazil muna samu a kantin Gyomu Super. Abin da babu shi ne abin da ke mayar da ruwan kuka miya. Dunƙulen ɗanɗanon kantunansu ba na taɓawa sai na karance bayan kwali, kuma yawanci ajiyewa nake yi. Harafin kanji na farko da na haddace shi ne na buta, wato alade, daga shi sai na sake, giyar shinkafa, sai kalmar mirin, wata giyar girki mai zaƙi da ke laɓe cikin rabin abin da ke kan kanta. Wata guda na yi ina tsayuwa a lungun kanti da waya a hannu ina haska takarda, tsofaffi na ratsa ni suna ɗan rusunawa.

Natto kuwa tun satin farko na yanke masa hukunci. Maigidan ya riga ya saba da shi a zaman gwauronsa, saboda araha: ƙananan fararen mazubai uku a ɗaure, kusan yen 100. Waken suya ne da aka turara aka bari ya ruɓa. Da safe sai ya buɗe ɗaya, ya sa tsinkayen cin abinci ya yi ta juyawa har ya yi farar kumfa, ya juye kan shinkafa, yana ɗagawa zare na bin sa kamar saƙar gizo. 'Yan ledojin romo da ake haɗowa da su yana zubarwa, don galibi akwai giya a ciki. Na ce masa, Malam, ka ci abinka lafiya, amma kwanonka da sosonka daban. Ya yi dariya ya ce in jira, wata rana zan ba da labari.

Ranar ta zo cikin satin farko na Yuni. Ya yi cefane ya manta ɗauri guda a kwandon kekensa, kwana biyu a rumfar ajiye kekuna, gari kuma ya fara ɗumi. Ni na gano shi. Na ɗauko da yatsa biyu zan kai shara, murfin ɗaya ya ɗage, sai na tsaya cak a kan matakala. Ɗakin bayan gidan Kaka ne ya buɗe a hancina, inda take ajiye kwandunan kalwa a rufe da ganye, ɗakin da muke yara muke toshe hanci mu wuce da gudu. Wari ne, ba na musu, amma warin da na sani ne. Na zauna a matakalar ina shinshina abin da na yi wata biyu ina ƙyama, har ƙwalla ta zo mini.

Da daddare maigidan ya yi mini bayani irin na ɗalibai. Ƙwayar bakteriyar da ke ruɓar da natto, Bacillus subtilis, danginta ne ke aikin daddawa a kan kalwa. Bambancin shi ne Japanawa suna tsayar da aikin da wuri: kamar yini da kwana a zafin digiri 40, sai firiji. Mu kuwa muna barin abin ya yi kwanaki, ya yi duhu, sannan a daka a shanya. Wato natto daddawa ce da aka cire daga makaranta tun tana aji ɗaya. Na ce to, ni zan ƙarasa mata karatun.

Gwajin farko na ragwanci ne. Na juye mazubi guda kai tsaye cikin miyar kuka. Yauƙin ya shige cikin na kuka ba rigima, amma ƙamshin ya gudu da tafasar farko, wake kuma na ta yawo a sama. Maigidan ya duba kwano ya ce yau kuma miyar wake aka yi da kuka? Ban tanka masa ba.

Na biyu na yi shi da niyya. Na sayo ɗauri huɗu na wanda suke kira hikiwari, wanda aka ɓarza waken aka cire ɓawo kafin a ruɓar, na juye a roba na bar shi kwana biyu a kicin, na murje da bayan ludayi, na sa gishiri, na yi 'yan cure-cure na jera a faranti a baranda. Abin da ban lissafa ba shi ne tsuyu, daminarsu, da ke kamawa daga farkon Yuni har tsakiyar Yuli. Ba irin ruwanmu ba ne da zai zuba ya ɗauke rana ta fito ta ƙone ƙasa. Yayyafi ne da lumshi, iska jiƙe sharkaf, tawul ma sai ya kwana biyu bai bushe ba. Kwana na uku curina suka yi gashi, fumfuna fari da kore. Ga shi sharar ƙonawa sau biyu kawai ake kwasa a mako, da sassafe, kuma na makara da ta ranar.

A nan ne Baaba ta shigo labarin. Ita ce mai gidan da muke haya. Namu ɗakuna ne a wani ɗan bene mai hawa biyu, nata tsohon gida ne a gefe, da lambu a tsakani. Ta haura saba'in. Ranar da muka je gaisuwar tarewa da ɗan tawul a naɗe, kamar yadda aka koya wa maigidan, ta nuna kanta ta ce wa 'yata "Baaba", yadda jikokin Japanawa ke kiran kaka. Ni da na taso ina ce wa yayar mahaifiyata Baaba sai sunan ya zauna mini a baki ba wahala. Ita kuma okusan take ce mini, wato matar gida.

Ta ƙwanƙwasa ƙofa da yamma, ta ba da haƙuri sau uku kafin ta faɗi abin da ya kawo ta, har na fara tunanin ita ce ta yi laifi. Mutumin ɗakin gefe ne ya ce mata wani abu na tashi daga barandarmu, ko mage ce ta mutu. Bai taɓa ce mini uffan ba, kullum gaisuwa da murmushi, haka suke. Kunya ta rufe ni. Na ɗauko farantin na nuna mata, ina haɗa 'yan kalmomin da na koya a ajin sa-kai na ranar Laraba da fassarar waya. Ta leƙa, ta ce "Natto?", na ce e. Ta rufe baki da hannu, kafaɗunta na rawa. Sannan ta koya mini dabarar matan Japan ta lokacin zafi: abin da zai yi wari a ƙulle a leda a sa a firiza, sai safiyar ranar shara a fito da shi. Daddawata ta biyu ta kwana uku kusa da kajinmu kafin ta tafi wuta.

Na kira Kaka. Muna gaban Najeriya da awa takwas, don haka sai da na jira ƙarfe biyar na yamma, lokacin ta gama lazimin safe ta karya. Ƙanwata ta riƙe mata waya.

"Kishiya, an ce kin je ƙasar da rana ke fitowa, ashe ranar ma babu?"

Na ba ta labari tun daga kwandon keke. Ta ce kalwa ce ko batso? Na ce waken suya ne, Kaka. Ta yi tsaki mai tsawo. A wurinta daddawa ta kalwa ce, ta batso ta talaka ce a shekarar da ɗorawa ta ƙi, ta waken suya kuwa abin 'yan zamani ne masu son sauƙi. Ta tuna mini yadda ake dafa kalwa yini guda ana ƙara ice, a surfa a wanke ɓawo, a sake dafawa, kafin ma a kai ga kwando. Amma da ta gama faɗa ta ba ni abin da na kira nema. Ta ce wanda wani ya fara ruɓarwa ba naki ba ne, ki fara da ɗanyen wake. Ta ce a rufe shi da zafinsa, kada a riƙa buɗewa ana leƙe. Ta ce shanya kuma sai iska ta bushe, in akwai hunturu a ƙasar ki jira shi. Umma da ke gefe ta ƙara da cewa wata maƙwabciyarta mai yin ta waken suya tana fara soya waken sama-sama ba mai, ɓawon ya fi saurin fita, launin kuma ya fi duhu.

Jiran ya kai wata biyar, kuma ba a banza ya tafi ba. Da zafi ya kankama Baaba ta fara aje mini kayan lambu a bakin ƙofa. Ranar farko kuɓewa ce ɗanya, na tambaye ta sunanta, ta ce okura. Bayan sati ta kawo wani ganye da ta kira moroheiya, ta ce daga Masar aka kawo irinsa, tana shirin koya mini yadda ake dafawa. Lalo ne. Na karɓa ina dariya, na ce Baaba wannan tun ina goye nake shan sa. Ashe suna da kalma guda ta duk abin da ke yauƙi, neba-neba, kuma suna ganin shi ne maganin kasalar bazara. Sukan haɗa natto da kuɓewa da wata doya mai santsi a kwano ɗaya, ba tuwo ba komai sai shinkafa. Ban taɓa zaton zan tarar da mutanen da suka fi mu son yauƙi ba. Kwanon da ta kawo kaya a ciki ban taɓa mayarwa fanko ba, nakan sa ƙosai ko 'yar wainar shinkafa. Daga baya na gane ita ma haka aka tarbiyyantar da ita, shi ya sa kwanon bai taɓa hutawa ba.

Ita ce kuma ta nuna mini cewa tunanina ba sabo ba ne. Wata rana ta ɗebo mini wasu baƙaƙen ƙwayoyi masu tauri a tafin hannu, tana ci da koren shayi. Hoshi-natto, busasshen natto mai gishiri, abincin mutanen Ibaraki tun da can. Na tauna ɗaya. Rabin hanyar daddawa ne. Lardin nan gaba ɗaya da natto aka san shi, musamman Mito, babban birninsa, inda aka fara sayar wa fasinjojin jirgin ƙasa da shi bayan buɗe tashar garin a 1889. Da muka je can cikin kaka na ga har mutum-mutumin natto an kafa a bakin tashar, a siffarsa ta asali, wake a ƙunshe cikin karan shinkafa an ɗaure baki biyu. Bakteriyar a jikin karan take zaune, kamar yadda Kaka ba ta taɓa zuba wa kalwarta komai ba sai kwando da ganyen da suka saba aikin. Na yi ta tunanin a ce a wani gari namu an kafa wa daddawa gunki, da wace irin dariya za a yi.

Disamba ya zo da iskar da suke kira Tsukuba-oroshi, busasshiya mai yanka fuska, leɓe na tsagewa, hunturu sak sai dai babu ƙura. Gidaje suka rataye 'ya'yan kaki, wani ɗan itace mai zaƙi, a igiya suna bushewa, kantuna suka cika da busasshen dankalin Hausa, wanda mafi yawan na Japan daga Ibaraki yake fitowa. Na ce lokaci ya yi.

Na sayo rabin kilo na sabon waken suya a rumfar manoma. Na soya shi a busasshen kasko har ya fara ƙamshi yana fashewa, na zuba a tawul na murje, na fita baranda na sheƙe da faranti, iskar ta kwashe ɓawon ta kai lambun Baaba. Na jiƙa shi ya kwana. Washegari na dafa a tukunyar nan mai kulle murfi da Baaba ta ara mini, minti arba'in, har ƙwaya ta murje tsakanin babban yatsa da ɗan ƙarami. Na tsane ruwan. Tun yana tururi na dama cokali guda na natton kanti a ɗan ruwan zafi na yayyafa, na juya, don wannan ƙwayar zafi ba ya kashe ta, sauran ne ke mutuwa. Na shimfiɗa shi a faffaɗan kwano, kaurinsa bai wuce gaɓar yatsa biyu ba, na rufe da tsabtataccen ƙyalle don yana bukatar numfashi.

Saura ɗumi. Gidajen haya irin namu ba su da abin ɗumama gida gaba ɗaya, abin da ake da shi kotatsu ne: gajeren tebur mai hita a manne a ƙarƙashi, an lulluɓe shi da bargo mai kauri, iyali su zauna a ƙasa su cusa ƙafafu. Baaba ta ce a nan uwarta ke yin natto. Na tura kwanon can tsakiya, na rage hitar, na kafa doka: ba mai sa ƙafa sai na ce.

Yini na farko lafiya. Da awa ashirin da huɗu suka cika na karya umarnin Kaka na leƙa, farin danshi ya rufe waken, na taɓa da cokali zare ya biyo. A nan Bajapane zai ce ya gama. Na mayar da bargo. Kwana na biyu ɗakin ya fara magana. Na uku kuwa 'yata ta tashi da safe ta ce Mama, teburin ya yi kashi. Maigidan ya kwashe rigunansa ya kai banɗaki ya rataye, ya ce a ɗakin gwajinsu akwai masu renon wasu ƙwayoyi da ko natto ba sa ci ranar aiki, don ƙwayarsa in ta shiga wuri ba ta fita, haka ma masu yin giyar sake suke ƙaurace masa duk lokacin aikinsu. Ya ce idan aka kore shi ni ce. Taga ba ta buɗuwa saboda sanyi da kuma maƙwabcin nan. Muka kwana a ɗaki ɗaya mu uku, an toshe ƙasan ƙofa da tawul.

Da na fito da shi ya yi ruwan ƙasa mai duhu, yauƙin ya ja baya, warin yana hawa kai. Shi ne.

Daka ce ta zama matsala. Ba ni da turmi, ko da ina da shi ba a daka a bene na katako da mutum a ƙasa. A satin nan unguwa ta yi taron ƙarshen shekara na dakan mochi, wato curin dakakkiyar shinkafa mai danƙo, na ga turminsu, usu, gajere mai faɗin baki, da taɓaryarsu mai kama da ƙatuwar guduma. Maza ke daka, wata mata na tsugune tana juya shinkafar da jiƙaƙƙen hannu tsakanin bugu da bugu. Na ja Baaba gefe na tambaya ko ana ba da aron turmin. Ta dube ni, ta gane abin da zan daka, ta yi dariyar da sai da ta dafa bango. Ta ce in na sa natto a turmin unguwa, mochin shekara goma zai yi zare. Maimakon haka ta kai ni kicin ɗinta ta ba ni suribachi, kwanon tangaran mai zane-zanen tsaga a ciki, da ɗan muciyarsa. Ita ta riƙe kwanon, ni ina niƙa, ta ɗaure hanci da ƙyallen da suke sawa in suna mura. Na sa gishiri, na shafa mai a hannu, na cura goma sha huɗu na lallatsa su.

Shanyar a ragar nan mai hawa uku na yi, shuɗiya mai zif, wadda suke busar da kifi a ciki. Ba a barandarmu ba. Baaba ta ce a rataya a ƙarƙashin rufin rumfarta ta bayan lambu, inda iska ke wucewa ta nufi gona. Hankakin Japan manya ne kuma ba su da kunya, suna yaga ledar shara in ba a rufe da raga ba. Ɗaya ya zo ya zauna a kan rumfar ranar farko, ya karkata kai, ya tashi bai dawo ba. Kwana shida ina juya su safe da yamma. Suka yi baƙi, suka yi tauri, warin ya kwanta ya koma ciki.

Ranar biyu ga Janairu na yi tuwon shinkafa miyar kuka, da kaza, da 'yan busassun kifin niboshi da na daka a madadin namu, da rabin curi. Tun da tukunya ta tafasa maigidan ya fito daga ɗaki ya tsaya a ƙofar kicin bai ce komai ba. Ba ta kai ta kalwa ƙarfi ba, gaskiya, akwai ɗan zaƙi-zaƙin waken suya a ƙarshen harshe, kuma sai na sa kusan ninki biyu. Amma miya ce.

Muka gayyato Baaba. Ta zo da lemun mikan a leda, ta zauna a kotatsun da har lokacin bargonsa bai gama sakin labari ba. Na ba ta cokali ta ƙi, ta wanke hannu ta kwaikwayi yadda nake yanko loma. Ta haɗa tafukanta ta ce itadakimasu, mu muka yi bismillah. Ta sa a baki tana taunawa a hankali, tana taunawa. Can sai ta ga 'yata ta dangwali miya ta haɗiye loma ba tauna. Ta zabura ta kama hannun yarinyar tana bubbuga mata baya. Kowace sabuwar shekara labaransu na kawo tsofaffin da mochi ya shaƙe, wasu har lahira, kuma ga farin abu mai danƙo yarinya na haɗiyewa gaba ɗaya. Da ƙyar maigidan ya fahimtar da ita cewa aikin yauƙin ke nan, shi ke raka tuwo. Ta gwada da 'yar mitsitsiyar loma, ta runtse ido ta haɗiye, ta buɗe ido ta dafa maƙogwaro. Ta ƙara. Da za ta tafi ta roƙi curi ɗaya, ta ce za ta gwada a miyarsu ta miso. Ban tambaye ta yadda ta kaya ba, ita ma ba ta faɗa ba.

A watan Maris wani ɗalibi da ya kammala zai koma gida, na ba shi curi uku a leda uku ya kai wa Kaka. Ƙanwata ta ɗauko mini bidiyon. Kaka ta kwance, ta shinshina, ta ɓantara da farce ta ɗora a harshe, ta daɗe tana kallon bango.

"Gishirin ya yi yawa. Kuma kin leƙa ta, ai na ji." Ta ɓantari wani. "Ki gaya wa tsohuwar nan mai ba ki aron tukunya ina gaishe ta. Shekararta nawa?"

Na ce saba'in da 'yan kai.

"Yarinya ce," in ji Kaka, ta ƙulle sauran a bakin zanenta.